Sana'ar Ɗaukar Hoto A Ƙanƙara, Faskari Da Sabuwa: Kayan Aiki, Dabaru Da Lissafin Riba

A garuruwan kudu maso yammacin Jihar Katsina, mai hoto mutum ne da ake nema a ranakun da ba a son mantawa da su: ɗaurin aure, suna, saukar Alƙur'ani, naɗin sarauta, yaye ɗalibai da hawan sallah. Ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, uku daga cikin 34 na jihar, ƙasa ce ta noma wadda kasuwancinta ke kallon Funtuwa da Zariya da Kano. Biyu na farko suna iyaka da Zamfara, Sabuwa kuwa da Kaduna, kuma duka ukun suna cikin yankunan da matsalar 'yan bindiga ta fi addaba a shekarun nan. Saboda haka shawarar da ake bai wa mai hoto a Legas ko Abuja ba kowacce ce ke aiki a nan ba. Abin da ke raba mai ci gaba da mai durƙushewa a wannan yanki ba kasafai yake zama tsadar kyamara ba. Ƙura ce, da wutar lantarki, da hanya, da kuma sanin wanda ya dace ya ga hoton da aka ɗauka.

Yadda kasuwar ta sauya

Har zuwa farkon shekarun 2000, mai hoto yana ɗauka ne da fim, ya tara, ya kai birni a wanke, mai biki ya jira kwanaki. Kyamarar zamani ta kawar da wannan tsari a duniya baki ɗaya, har kamfanin Kodak na Amurka ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Janairun 2012. Daga baya wayar hannu ta zo ta ƙwace hoton yau da kullum. Fasfo ma, wanda a da shi ne cefanen kullum na mai shago, ya ragu, domin rajistar lambar zama ɗan ƙasa ta NIN da ta jarrabawar JAMB da fasfon tafiya duk ana ɗaukar fuskar mutum ne a wurin rajistar. Abin da ya rage shi ne fom na makarantu da na neman aiki da makamantansu.

Kuɗin sana'ar yanzu yana cikin abin da waya ba ta iya yi da kyau: hoton taro cikin ɗaki mai duhu, hoton doki a guje, babban hoto na bango, albam, da bidiyon biki da aka tace. Yana kuma bin kalandar manomi. Idan kaka ta yi, aka sayar da masara da dawa da waken suya da auduga, aure yakan yawaita. Haka nan a makonnin da ke gabanin azumi da bayan sallah. Da damina kuwa hannu yana gona, aljihu yana wajen taki. Mai hoton da bai ajiye ribar kaka don cike giɓin damina ba, shi ne ake gani yana sayar da gilashin kyamararsa a watan Agusta.

Kayan da suka isa

Kyamarar Canon ko Nikon ta hannu, mai lafiya, ta ishi mai farawa, kuma dalilin zaɓen waɗannan biyu shi ne batirinsu da cajarsu da masu gyaransu sun fi samuwa a Kano da Kaduna. Yawan megafiksel da dillalai ke zugawa ba shi ne abin dubawa ba, domin hoto mai girman inci 4 da 6 bai buƙaci fiye da megafiksel biyu da ɗoriya ba kafin ya fito tas. Abin tambaya shi ne adadin ɗaukar da kyamarar ta riga ta yi, da ko akwai tabo a farantin da ke karɓar haske, da ko gansakuka ta kama cikin gilashi.

Bayan gilashin da ke zuwa da kyamara, babu sayayya mai albarka kamar gilashi mai milimita 50 da buɗewar f/1.8. Yana da araha, yana shan haske a ɗakin amarya, yana kuma dusar da bayan mutum yadda fuska za ta fito. Sai filasha ta ɗorawa wadda kanta ke juyawa, da batir aƙalla biyu, da katin memori fiye da ɗaya. A nan akwai tarko: jabun memori ya cika kasuwa, yana nuna girman da ba shi da shi, kuma ba ya tona asirin kansa sai an cika shi da hotunan ɗaurin aure. Gwada sabon kati a gida, a cika shi a sake buɗe abin da ke ciki, aiki ne na awa ɗaya da ke kare sunan shekara goma.

Ƙura, zafi da wuta

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu yana cika iska da ƙura mai laushi. Duk lokacin da aka cire gilashi a fili, ƙurar tana sauka a farantin haske, sai ɗigo-ɗigo su riƙa bayyana a wuri guda a kowane hoto, musamman a kan sararin sama ko farin bango. Ƙa'idar ita ce a sauya gilashi cikin ɗaki ko mota, kyamara a kashe, bakinta yana kallon ƙasa. A fara hure ƙura da ɗan famfon roba kafin a goge, domin goge gilashi mai ƙura da bakin riga daidai yake da goge shi da yashi. Mai tafiya a babur ya sa kyamara cikin leda kafin jaka.

Hazon hunturu yana da nasa amfanin: yana tausasa rana, fuska ba ta yin inuwa mai kauri. Da bazara ne lamarin ke tsananta, lokacin da zafi ke rage ƙarfin batir, rana tsaka kuma ta mayar da idanu ramuka biyu baƙaƙe. Da damina, danshi ne abokin gaba, kuma maganinsa akwati mai rufi da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu cikin kwalin takalmi ko na magani.

Yankin yana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na KEDCO, amma babu mai shagon da ke jingina aikinsa da wutar gwamnati kaɗai. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da janareta don buga fasfo huɗu ya zama asara bayyananniya. Ƙaramin sola mai iya ɗaukar kwamfutar cinya da firinta da caja ya fi sabuwar kyamara amfani ga wanda zai zaɓi ɗaya. Firintar tawada ta Epson mai tanki tana da arahar bugu, sai dai bakinta yana toshewa idan ta kwana biyu ba ta aiki, musamman da hunturu. Ƙaramar Canon Selphy ta fi tsadar takarda, amma tana shiga jaka, kuma hotonta yana fitowa a bushe, abin da ya sa ta dace da mai sayar da hoto nan take a wurin taro.

Farar riga da baƙar fuska

Babbar jarrabawar mai hoto a ƙasar Hausa ita ce ango cikin farar shadda a tsakar rana. Ma'aunin hasken kyamara yana ɗaukar duk abin da ya gani a matsayin matsakaici, don haka idan fari ya cika hoto sai ta rage haske, riga ta yi toka-toka, fuska ta nutse. Idan kuma aka ƙara haske barkatai, aikin zaren da aka biya maɗinki kuɗi mai yawa a kansa sai ya ɓace. Mafita ita ce a janye mutum zuwa inuwar bishiya ko zaure, ko a juya bayansa ga rana a cike fuskar da ɗan hasken filasha. Mai iya ɗauka da tsarin RAW yana da damar ceto fari da baƙi a kwamfuta fiye da mai JPEG. A cikin ɗaki, a harba filasha ga farin silin ko bango ta dawo da laushi. Idan rufin kwano ne ko bangon yana da launi, sai a sa farin kati a bayanta.

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu, ta wanke fuskar amarya a kwamfuta har ta yi fari fat, ƙofofin gashi su ɓace. Masu biki da yawa suna nema, gaskiya ne, amma hoto ne da ba ya tsufa da kyau. Hotunan da Seydou Keïta da Malick Sidibé suka ɗauka a Bamako, da na kitson matan Nijeriya da J.D. 'Okhai Ojeikere ya tara tun daga 1968, sun shiga manyan gidajen tarihi na duniya ne da fatar mutanensu yadda take.

A hoton jama'a, buɗewar f/5.6 zuwa f/8 ce ke sa sahun gaba da na baya su fito tare. A hawan sallah na hakimai, kamar na Sarkin Pauwan Katsina a Ƙanƙara ko Sarkin Yamman Katsina a Faskari, doki mai sukuwa yana buƙatar saurin ɗauka na 1/1000 na daƙiƙa ko fiye, da kuma mai hoton da ya san inda zai tsaya tun kafin a saki linzami.

Lissafi da kafin alƙalami

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ƙirga takarda da tawada kawai a kira sauran riba. Farashi na gaskiya ya ƙunshi kuɗin mota, da ladan yaro, da data, da awannin tacewa, da kason da ake warewa don maye gurbin kyamara, wadda farashinta ke bin dala tun bayan sakin naira a Yunin 2023. A karɓi kafin alƙalamin da zai rufe dukan kuɗin da za a kashe, a rubuta adadin hotuna da ranar bayarwa ko da a saƙon WhatsApp ne, sannan a riƙe albam sai an cika. Bashin biki yana da wuyar karɓa da zarar an watse, na ɗan siyasa kuma ya fi wuya bayan zaɓe. Idan za a tura hoto ta WhatsApp, a tura shi a matsayin fayil, don hanyar da aka saba tana matse shi.

Akwai kasuwar da maza ba sa iya shiga. Kamu da sa lalle da zaman cikin gida sha'ani ne na mata, kuma gidaje da yawa ba za su bar namiji baƙo ya ratsa su da kyamara ba. Shagon da ya koya wa mace aikin ya ninka ƙofofin da ke buɗe masa.

Tsaro da amanar hoto

Bayan sace ɗalibai fiye da 300 na Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara a ranar 11 ga Disamban 2020, idon duniya ya koma kan yankin. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, ta dakatar da cinikin dabbobi a wasu kasuwanni. A Satumba kuma aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, ciki har da waɗannan uku, aka yi watanni a haka. Ga mai hoto, wannan yana nufin babu man janareta, babu taransifa, babu tura aiki. Wanda ke da sola da firinta a shagonsa ne kaɗai zai iya ci gaba a irin wannan hali.

Shi ya sa tafiya ƙauye take da nata ƙa'idoji: a tambayi mutanen gari halin hanya a ranar, a dawo da sauran rana, a sa kaya a jakar da ba ta da tambarin kamfani, a kuma bar kwafin ayyukan baya a wani wuri dabam. Ba a ɗaukar shingen jami'an tsaro ko sansaninsu ba tare da izini ba. Jirgi maras matuƙi da ake yayi a bukukuwan birni yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama da na Ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro tun daga 2016, kuma tayar da shi a inda ake fama da 'yan bindiga neman fitina ne.

Mafi nauyi shi ne abin da ake wallafawa. A ƙasar da ake satar mutane don kuɗin fansa, hoton lefe da gwala-gwalai, da ƙofar gida, da lambar mota, bayani ne ga mai mugun nufi. Mai hoto yana son talla a Facebook da TikTok, amma fuskar matar aure ko ta wanda aka sako daga daji ba kayan tallarsa ba ne. Doka ma ta yi magana. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Maris ɗin 2023, ta bar haƙƙin hoto ga wanda ya ɗauka na tsawon shekara 50, amma ta bai wa wanda ya sa aka ɗauke shi don amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a yaɗa shi. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta Yunin 2023 ta ƙara ƙarfafa batun neman yarda. A ɗaya ɓangaren, jarida ko ƙungiyar da ta kwafi hoton mai hoton Faskari ba tare da izininsa ba ta taka haƙƙinsa, kuma ainihin fayil ɗin da ke hannunsa shi ne hujjarsa.

Wannan yanayi ya buɗe wata ƙofa kuma. Kafofin labarai da ƙungiyoyin agaji suna buƙatar hotuna daga wuraren da wakilansu ba sa iya zuwa, kuma ɗan gari ya fi kowa damar samar da su idan ya iya rubuta suna da wuri da rana daidai a ƙarƙashin kowane hoto. Fati Abubakar ta Maiduguri ta yi suna da shirinta na Bits of Borno, inda ta riƙa nuna 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki a lokacin da duniya ba ta ganin komai daga Borno sai ɓaraguzai. Kasuwar Sheme, da casar masara a Sabuwa, da ɗaliban Ƙanƙara a bakin aji suna jiran irin wannan ido.