Jinin AS da Aikin Soja

Jinin AS, wato gadon rabin ƙwayar sikila, yana da yawa a Nijar, har da Dakoro ta jihar Maraɗi, kuma yana shafar juriyar soja. Mai shi lafiyarsa lau, amma gudu da kaya a zafin Afrilu, sa'ad da ya haura digiri 40, na iya lalata masa tsoka. Binciken 1987 kan kuratan sojan Amurka ya nuna mutuwar farat ɗaya ta fi aukuwa ga masu jinin AS, shi ya sa wasu ke ganin a hana su kaki. Hujjar ba ta tsaya ba: binciken 2016, bayan an wajabta shan ruwa da hutu lokacin atisaye, bai samu ƙarin mutuwa a cikinsu ba, ko da yake lalacewar tsoka ta ɗan fi yawa.