Bazara da Lafiyar Tsofaffi a Ƙasar Hausa

Daga cikin kalmomin da masu fassara suka wahalar, kaɗan ne suka sha wuya kamar kalmar bazara. Idan mai fassara ya ɗauki littafin Turanci na kiwon lafiya, ya iske an ambaci lokacin nan da ƙanƙara ke narkewa a Turai, itatuwa su yi tofo, sai ya rubuta bazara. In ya juya shafi ya iske lokacin zafinsu wanda ke biye da wancan, sai ya sake rubuta bazara. Ta haka ne shawarwarin da aka tsara domin tsohon Ingila, wanda ya yi wata huɗu a ƙunshe cikin ɗaki saboda sanyi, suke isowa ga tsohon Gusau ko na Maraɗi da sunan shawarar bazara: ya fita ya sha hantsi, ya ƙara yawan tafiya a ƙasa, ya yi hattara da ƙurar furanni. Babu ƙarya a cikin ko ɗaya daga cikinsu, amma wanda ya bi su a Sakkwato cikin watan Afrilu yana iya kwana a asibiti.

Bahaushe ya raba shekararsa ne bisa ga ruwa da iska da aikin gona. Akwai damina, wadda ake kiran tsakiyarta marka, sa'an nan kaka, lokacin girbi, sa'an nan ɗari ko hunturu, sa'ad da iskar arewa maso gabas ke kawo hazo da sanyi. Rani suna ne mai faɗi, ya haɗa duk watannin da ba a ruwa. Bazara kuwa ita ce wutsiyar rani, watau daga wajen watan Maris zuwa faɗuwar ruwan shuka cikin Mayu ko Yuni, gwargwadon arewancin gari. Haka Bargery ya bayyana ta cikin ƙamusunsa na 1934, da cewa lokacin zafi ne gab da damina. A Sakkwato da Maiduguri da Damagaram zafin rana cikin Afrilu yakan kai digiri 40 har ya haura, dare kuma ba ya yin sanyin da jiki zai huce. Rijiyoyi su ja baya, nono ya yi wuya domin shanu sun gangara kudu neman ciyawa, hatsi kuma ya fara yin ƙasa a rumbu.

Wannan rikici na sunayen lokatai ya girmi zuwan Turawa. Ilmin ɗibbu da malamai suka karanta cikin littattafan Larabci, irin su Kitabur Rahma wanda ake jingina wa Suyuɗi, an gina shi ne a kan ɗabi'u huɗu na likitocin Yunana: jini, da balgam, da safra'u, da sauda'u. Kowace ɗabi'a an ba ta lokacinta cikin shekara. Rabi'i, wanda ke biye da sanyi a ƙasashen Sham da Iraƙi, an ce lokaci ne mai zafi da danshi, jini ne ke rinjaye a cikinsa, saboda haka aka so a rage jini a kuma wanke ciki idan ya kama. To, amma ƙasar Hausa ba ta da rabi'i irin wannan. Abin da ke biye da hunturu a nan ya fi kusa da abin da littattafan suka kira saifi, mai zafi da bushewa. Larabawan Sudan ma sun gamu da wannan matsala, har suka ɗauki kalmar harifi, wadda a Sham take nufin lokacin zubar ganye, suka mai da ita sunan damina. Malaman hisabi na ƙasar nan, masu lissafin taurari 28, kowane kwana 13 ban da guda ɗaya mai kwana 14, su ma sai da suka daidaita lissafin da ruwan ƙasarsu kafin ya amfani manomi.

Shugabannin jihadi ba su raina wannan fanni ba. Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Masalihul Insan, inda ya haɗa gyaran addini da gyaran jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar littattafai da dama a kan magani, har da wanda ya keɓe ga ciwon ido da wanda ya keɓe ga basir, cututtuka biyu da suka fi damun masu shekaru. Sa'ad da Clapperton ya sauka Sakkwato a bazarar 1824, cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da a aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa.

Abin da littattafan ɗibbu suka ce game da tsoho ya cancanci a tsaya a kansa, gama a nan ne suka yi daidai, a nan ne kuma aka fi saɓa musu. A wurinsu tsufa sanyi ne da bushewa. Ibnu Sina, wanda ya ware babi cikin Ƙanun domin kula da tsofaffi, ya so a riƙa ba su abinci mai laushi kaɗan-kaɗan, su sami barci isasshe, a shafa musu mai, su motsa jiki gwargwadon ƙarfinsu. Ya kuma yi kashedi a kan zubar musu da jini. Ibnul Ƙayyim kuwa ya ce ƙaho ya fi dacewa da mutanen ƙasashen zafi bisa ga tsaga jijiya, maganar da ta yi wa sana'ar wanzamai daɗi ƙwarai. Sai jama'a suka riƙe rabin magana suka saki rabi. In zafi ya tsananta, jiki ya yi nauyi, sai a ce mataccen jini ne, a kira wanzami ya kafa ƙaho, ko kuwa a dafa filasko a sha domin wankin ciki, ba a cika tambayar shekarun mai sha ba. Saurayi yakan jure wannan. Dattijon da zufa ta riga ta tsotse, in aka ƙara masa da zawo, an kwashe ɗan ruwan da ya rage masa ke nan.

Akwai kuma wani dalili da ya sa ba a ji tsoron zafi yadda ya kamata ba. A tunanin Bahaushe na gargajiya sanyi shi ne babban abokin gaban tsoho. Shi ke shiga gaɓoɓi, shi ke kawo tari da ciwon baya, kuma masu binciken da suka zauna a ƙasar Malumfashi, kamar Lewis Wall wanda littafinsa kan maganin Hausawa ya fito a 1988, sun lura da girman matsayin sanyi cikin bayanin cuta. Harshen kansa shaida ne. Ana cewa sanyi ya kama wane, ana kuma da ciwon sanyi. Domin haka aka tanadar wa tsoho gadon ƙasa da wutar jin ɗumi da bargo. Tsohuwar da ta ƙi wanka da ruwan randa cikin Afrilu, ta ce sai an ɗumama, tana bin wannan ƙa'ida ne sau da ƙafa.

Duk da haka, tsarin zaman gidan Bahaushe ya kare tsofaffi daga bazara ta hanyoyin da ba wanda ya kira su magani. Soron ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yakan hana zafin rana shiga sai can da dare, sa'ad da mutane suka riga suka fitar da tabarmi tsakar gida. Ɗakin ciyawa kuwa yana numfashi. Randa da tulu suna tsattsafo ta jikinsu, iska ta busar da danshin, ruwan ciki ya yi sanyi ba da ƙanƙara ba. Da rana ta take, aiki ya tsaya, dattawa su koma zaure ko gindin durumi ko ceɗiya ko tsamiya, a gona kuwa gindin gawo, itacen da ke zubar da ganyensa da damina ya yi lullumi da rani. Abincin rana ma ruwa-ruwa ne: fura da nono, ko farau-farau, ko kunun tsamiya, in nono ya yi ƙaranci a dama garin ƙwallon kuka a ƙara. Mutumin da ya sha ƙwaryar fura da azahar ya sha ruwa mai yawa ko bai yi niyya ba. Sa'an nan ga jikoki, waɗanda aikinsu ne kai wa kaka ruwa da yi mata fifita, wasan da ke tsakaninsu kuma ya ba su damar matsa mata ta sha, abin da ɗa ko suruka ba za su iya ba saboda kunya. Inda tsarin ke da rauni shi ne cin rani, gama samari sukan tafi birane neman kuɗi, ba su komowa sai sharar gona ta matso, a bar yasar rijiya da ɗaukar ruwa ga waɗanda ba su da ƙarfin yi.

Likitocin zamanin Turawa sun san bazara sarai, amma ta fuskar annoba suka san ta. Sanƙarau, wanda aka fara rubuta labarin ɓarkewarsa a Nijeriya ta Arewa a 1905, yakan taso da rani, ya tsananta da bazara, ya lafa da saukar ruwa. Ya sake dawowa da ƙarfi a farkon shekarun 1920, da kuma 1949 zuwa 1950. A 1963 wani likitan sojan Faransa, Lapeyssonnie, ya zana iyakar yankin da cutar ke yi wa zuwan kai-da-kai, ƙasar Hausa kuwa tana tsakiyarsa. Annobar 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. Allurar rigakafin da aka soma yi a Nijar a 2010, a Nijeriya kuma a 2011, ta karya lagon nau'in da ya fi yin ɓarna, ko da yake wani nau'in ya ɓulla a Zamfara da Sakkwato a 2017. Sai dai sanƙarau yara da matasa ya fi kamawa, saboda haka hankalin asibiti da na duba-gari ya tafi can. Tsohon da ya mutu cikin Afrilu ba a kan tambayi dalili ba, a ce kwana ne ya ƙare. Abin kirki guda da wannan zamani ya bar wa dattawa shi ne darbejiya, wadda aka kawo Barno a 1928, ta bazu har ta zama inuwar kowace ƙofar gida.

Bayan haka kwano da siminti suka shigo. Kwano ya raba mutane da yaɓen kowace shekara da tsoron gobara, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ɗakin kwano maras rufi a ƙarƙashinsa tanderu ne da tsakar rana, kuma galibi wanda ke cikinsa a wannan lokaci shi ne wanda ƙafa ta hana shi fita.

Binciken likitoci na baya-bayan nan ya bayyana abin da ya sa zafi ya fi cutar da tsoho. A 1984 waɗansu likitoci a Oksfod suka hana maza bakwai tsofaffi masu lafiya, da samari bakwai, shan ruwa na awa 24. Da aka kawo ruwa, sai aka ga tsofaffin ba su ji ƙishirwa kamar samarin ba, ba su kuma sha abin da zai mayar musu da wanda suka rasa ba. Ashe ƙishirwa ma tsufa take yi. Ga shi kuma zufar tsoho ba ta da yawa, ƙodarsa ba ta iya riƙe ruwa kamar dā, waɗansu magungunan hawan jini kuwa fitsari suke ƙarawa. Zafin da aka yi a Faransa cikin Agustan 2003 ya kashe mutum wajen 15,000, mafi yawansu tsofaffi. A kusa da gida, ranar 3 ga Afrilu 2024 zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, wani babban asibitin Bamako kuma ya ƙidaya gawa 102 cikin kwana huɗun farko na watan, wajen rabinsu mutanen da suka haura shekara 60.

Saboda haka malamin da ke koyar da kiwon lafiya a kwalejin horon malamai yana da abin da zai tace. Ruwa a riƙa miƙa wa tsoho a kai a kai, kada a jira ya nema, in fitsarinsa ya yi ja ya kuma ragu, alama ce ruwan bai isa ba. Wanda likita ya ƙayyade wa shan ruwa saboda ciwon zuciya ko na ƙoda, shi kam ya bi maganar likitansa. Tafiyar motsa jiki a yi ta bayan asuba ko bayan la'asar sakaliya. Fura da kunu da kwanan tsakar gida duk suna nan da amfaninsu, sai dai a kafa gidan sauro in an fara yayyafi, mai ciwon suga kuma ya rage zaƙi. Kunun kanwa a yi hattara da shi ga mai hawan jini, domin sinadarin da ke cikin gishiri yana cikin kanwa, likitocin Zariya kuwa tun shekarun 1970 suka danganta yawan shansa da ciwon zuciyar masu jego. In zawo ya kama, a jiƙa ƙullin gishiri da sukari na asibiti cikin ruwa mai tsabta yadda aka rubuta a jikinsa. In kuwa tsoho ya soma sambatu, ko ya rikice, jikinsa ya yi zafi rau, kada a tsaya cewa ruɗin tsufa ne: a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Saura maganar azumi, wadda ta fi kowace wuya, gama a nan tsohon ne da kansa ke ƙin sauƙi. Watan Ramalana yana matsowa da wajen kwana 11 kowace shekara, don haka yakan faɗo tsakiyar bazara sau ɗaya cikin shekara 32 ko 33, ya yi 'yan shekaru yana ratsa ta. Ya kama a farkon Afrilu a 1957, da 1989, da 2022, zafin Mali na 2024 ma a ƙarshen azumi ya zo. Risala ta Ibnu Abi Zaid, wadda kowane almajirin ilmi a ƙasar nan ya karanta, ta yarje wa tsohon da azumi ya fi ƙarfinsa ya sha, an kuma so ya ciyar da mudun Annabi guda a madadin kowace rana. Hukuncin a sarari yake, amma dattijon da ya yi shekara sittin bai sha azumi ba yana jin kunyar a gan shi da kofi a hannu da rana. Ɗansa ba ya iya gaya masa, likita kuma yaro ne a idonsa. Galibi limamin unguwa kaɗai yake saurara wa, shi ma sai in a keɓe ya same shi.