Walat na na'ura

walat na na'ura (suna, namiji, jam'i: walat-walat na na'ura). Ƙaramar na'ura mai girman filasha wadda ake ajiye mabuɗin sirri na kuɗin kirifto, irin su Bitcoin, a cikinta ba tare da ya taɓa hawa intanet ba. Su kansu kuɗin suna rubuce ne a kundin bulokcen. Idan za a tura kuɗi, sai a haɗa ta da waya ko kwamfuta, adadin da adireshin mai karɓa su fito a ɗan allonta, mai ita ya duba da idonsa, ya danna maɓalli, ta sa hannu daga ciki. Ko ɓarayin intanet sun shiga wayar, mabuɗin ba ya fita. Cikin irin waɗannan na'urori, Trezor, na kamfanin SatoshiLabs da ke ƙasar Cek, shi ya fara shiga kasuwa a 2014. Akwai kuma Ledger na Faransa.

Ranar da aka fara kunna na'urar, takan ba da kalmomi, yawanci 12 ko 24, daga jerin kalmomi 2048. Nan nauyin yake. Da su ake dawo da komai in na'urar ta ɓace ko ta lalace, kuma duk wanda ya gan su ya mallaki dukiyar, babu bankin da za a kai wa kuka. A rubuta su a takarda ko a zana a ƙarfe, kada a kuskura a ɗauki hotonsu. Kada kuma a sayi na'ura ta hannu.

*Misali:* Tun da kasuwar kirifto ta FTX ta durƙushe a Nuwamban 2022 yayana ya mayar da kuɗinsa walat na na'ura.