Daga Carar Zakara Zuwa Fitilar Alfijir

Ana ta tambayata labarin fitilar nan da ake tallarta a waya, wai tana tada mutum daga barci kamar fitowar rana. To, bari mu faro daga gida.

Ki tambayi kakarki a Bakura ko Maradun me ke tada ta a da. Za ta ce miki carar zakara da kiran ladan, sannan gari ya waye mata a tsakar gida tana hura wuta. Da dare kuwa aci-balbal ce, daga baya fitilar ƙwai ta zo, kuma ana idar da isha'i ba a jimawa ake hure ta, don kananzir da kuɗi ake saye. Ko bayan an kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya bunƙasa a Talata Mafara da kewaye, manomi da alfijir yake lissafi.

Ita wannan fitila matsalar wasu ƙasashe ce ta haife ta. A Landan, cikin Disamba, rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, yinin ma bai cika awa 8 ba, har duhun kan jawo wa wasu kasala da ƙuncin rai. Masu bincike a Amurka, irin su Michael Terman da David Avery, suka gwada hasken da ke ƙaruwa a hankali kafin mutum ya farka. A 1993 kamfanin Lumie na Ingila ya fitar da ita kasuwa. Takan fara da ja-ja, ta yi ta ƙara haske kamar rabin awa. Hasken na ratsa fatar ido, ya sanar da ƙwaƙwalwa gari ya waye, ta rage melatonin, sinadarin da ke shirya jiki ga barci.

Mu kuwa yininmu tsakanin awa 11 da 13 yake duk shekara. Ni a ganina hasken da ya fi cutar da mu na dare ne: wayar nan da muke latsawa a kan gado har ƙarfe ɗaya, ni ma ban tsira ba. Ban ce fitilar ba ta da amfani ba. Ma'aikaciyar jinya mai fita cikin duhu za ta ji daɗinta, in dai ba a ɗauke wuta ba.

Amma 'yar'uwarmu ta ƙauyen Maradun, wadda ke kwana tana kasa kunne ko za ta ji ƙarar baburan 'yan bindiga, ba rashin fitila ke hana ta barci ba.