Farautar ɓarayin fasaha da sirrin masu intanet

A shekarar 1999 wani ɗalibi a Amurka, Shawn Fanning, ya ƙirƙiro manhajar Napster, wadda ke ba mutum damar kwasar waƙa kyauta daga kwamfutar wani. Kamfanonin kiɗa suka ce satar fasaha ce tsagwaronta, suka garzaya kotu, kuma a 2001 Napster ta rufe. Sai dai kafin ƙura ta lafa wasu manhajojin sun maye gurbinta, waɗanda ba su da cibiya guda da za a garƙame.

Nan fa kamfanonin suka juya kan masu sauke waƙoƙin, kuma daga nan maganar sirri ta shigo. Duk na'urar da ta hau intanet tana da lamba, amma lambar ba ta faɗin sunan mai ita. Kamfanin da ke sayar masa da intanet ne kaɗai ya san ko wane ne. Ƙungiyar kamfanonin kiɗa ta Amurka, RIAA, ta dogara da dokar haƙƙin mallaka ta 1998 ta nemi kamfanin intanet na Verizon ya miƙa mata sunayen abokan cinikinsa ba tare da alƙali ya duba hujja ba. Verizon ya ƙi, kuma a Disamban 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiya. Duk da haka farautar ba ta tsaya ba. Tun a Satumban shekarar an riga an maka mutum 261 a kotu, har da yarinya 'yar shekara 12 a New York, kuma kafin a daina a 2008 abin ya shafi mutum sama da 30,000. Wata mata a jihar Minnesota an ci ta tarar dala 222,000 a kan waƙoƙi 24. Ko mawaƙan sun ga nawa a kuɗin, wannan kuma zance ne daban.

Faransa ta bi wata hanyar. Dokarta ta 2009 ta kafa hukumar Hadopi: gargaɗi ta imel, sai wasiƙa, sai a yanke wa gidan intanet. Majalisar kare tsarin mulkin ƙasar ta ce alƙali ne kawai zai iya yanke irin wannan hukunci, domin shiga intanet na cikin 'yancin faɗar albarkacin baki. A 2013 aka soke hukuncin yankewar.

Babbar rigimar ita ce ta SOPA, ƙudurin da ɗan majalisar Amurka Lamar Smith ya gabatar a Oktoban 2011. Da ya zama doka, za a iya tilasta wa kamfanonin intanet su toshe shafi baki ɗaya, a cire shi daga sakamakon bincike, a hana shi talla da karɓar kuɗi. Masu adawa suka ce tamkar a rufe kasuwa ne don an tsinci kayan sata a rumfa ɗaya, kuma da wuya a ce ba su da gaskiya. Ranar 18 ga Janairun 2012 Wikipedia ta Ingilishi ta rufe na tsawon awa 24, Google ya lulluɓe tambarinsa da baƙi, miliyoyin mutane suka sa hannu a takardar koke. Bayan kwana biyu 'yan majalisa suka jingine ƙudurin. A Yulin shekarar Majalisar Turai ta yi fatali da yarjejeniyar ACTA ta yaƙi da satar fasaha da ƙuri'a 478 a kan 39.

Amma a makon da SOPA ta faɗi, hukumomin Amurka suka rufe shafin ajiyar fayiloli na Megaupload da dokokin da suke da su tun da, aka kama mai shi, Kim Dotcom, a New Zealand. Waɗanda suka ajiye takardunsu na halal a shafin suka wayi gari ba su da hanyar ɗauko su. Daga baya ta bayyana cewa hukumar leƙen asirin New Zealand ta yi wa Dotcom leƙen asiri ba bisa doka ba, har Firayim Minista John Key ya fito ya ba shi haƙuri a Satumban 2012.