Su da Dokokinsa a Gulbin Zamfara

Gulbin Zamfara, wanda ya ratsa ƙasar Anka da Gummi ya nufi Jega, ruwa ne mai ƙa'ida tun kafin zuwan Turawa. Idan rani ya yi, gulbi ya tsinke ya bar gurabe masu zurfi, kifi kan taru a cikinsu. A nan ikon Sarkin Ruwa yake. Shi ke hana shiga gurbi har kifi ya ƙosa, shi ke sa ranar su. Ran nan masunta da manoma da samari kan faɗa ruwa da homa da gora, wasu don abinci, da yawa kuwa don nishaɗi da gwada bajinta. Wanda ya riga ranar ya yi wa gari sata.

Irin wannan al'ada ce ta Kabawa ta zama bikin Argungu a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, har UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016. Su na ƙauyukan Zamfara bai sami wannan gata ba.

Dokar kamun kifi ta tarayya ta 1992 ta haramta guba da nakiya da lantarki. Hanin ya dace, ganin ɓarnar da magimfa ke yi wa ƙananan kifi. Sai dai ta danƙa tsaron ruwa ga ma'aikacin gwamnati da ke zaune a birni, alhali Sarkin Ruwa a bakin gurbin yake kwana.