Marmarar Bodinga da Shagari da Batun Aman Wuta: Nazari Kan Asalin Duwatsun Kwarin Sakkwato

Tsakure: Wannan maƙala tana nazarin jan dutsen da ya lulluɓe tuddan Bodinga da Shagari, tana gwada shi da duwatsun da kwararar toka mai zafi ke haifarwa. Matsayarta ita ce dutsen nan marmara ce da ruwa da zafin rana suka samar, kuma ainihin duwatsun aman wuta na ƙasar Hausa suna Riruwai da Ningi.

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Bodinga da Shagari zai ga tuddai masu shafaffen kai, saman su rufe da dutse ja mai duhu, mai ramuka-ramuka kamar saƙar zuma. Ido kan ɗauka wuta ce ta ƙona shi, daga nan kuma zato ya tafi ga aman wuta. Kafin a karɓi wannan zato sai an san abin da kwararar toka take bari a bayanta. Idan dutse mai aman wuta ya fashe, cakuɗen iskar gas da toka da ɓaraguzai yakan gangaro yana bin ƙasa da gudun da kan haura kilomita 100 a awa, da zafin ɗaruruwan digiri. Irinsa ne ya hallaka birnin Saint-Pierre na tsibirin Martinik a 1902, inda mutane kusan 28,000 suka mutu. Idan tokar ta kwanta da zafinta takan manne ta zama dutsen da masana ke kira ignimbarait, kuma shaidarsa ba ta ɓuya: a ƙarƙashin madubin bincike ana ganin tsinke-tsinken gilashi da suka lanƙwashe, da fasassun ƙwayoyin kwaz da felsfa, da guntayen dutse mai kumfa waɗanda nauyin tokar ya danne suka zama siraran zane a jere.

Marmarar tuddan Bodinga da Shagari ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikin alamomin nan. Abin da ke cikinta tsatsar ƙarfe ce da yashi da yumɓu. Ramukanta hanyoyin ruwa ne da na saiwoyi, waɗanda suka samu a tsawon zamanin da damina ke wanke ƙasa rani kuma ya busar da ita, har sinadaran da ke narkewa suka tafi, ƙarfe ya taru ya daskare. Abin da ke ƙarƙashinta ma ya fi ƙarfafa hujjar. Yankin yana cikin kwarin Sakkwato, wato gefen kudu maso gabas na babban kwarin Iullemmeden da ya miƙa cikin Nijar da Mali, kuma binciken C. A. Kogbe da na magabatansa ya nuna shimfiɗun da teku da koguna suka ajiye ɗaya bisa ɗaya. Shimfiɗar Dange, wadda ta ɗauki sunan garin da ke makwabtaka da Bodinga, laka ce mai ɗauke da dunƙulen fosfet da haƙoran kifi. A kanta akwai farin dutsen Kalambaina, cike da ɓawon halittun teku, wanda da shi ake yin siminti a Sakkwato. Duka biyun na zamanin Faliyosin ne, tsakanin shekara miliyan 66 da 56 da suka wuce. Sai yashi da yumɓun Gwandu da suka zo daga baya. Halittar teku ba ta rayuwa ta bar ɓawonta lafiya lau a cikin toka mai ƙuna.

Inda ƙasar Hausa ta ga irin waccan fashewa shi ne jerin duwatsun da J. D. Falconer ya bambanta da tsofaffin duwatsun ƙasar a littafinsa na 1911, waɗanda Jacobson da MacLeod da Black suka yi wa cikakken nazari a 1958. A Riruwai, cikin ƙaramar hukumar Doguwa ta jihar Kano, da kuma Ningi da Burra a jihar Bauchi, rufin rumbun narkakken dutse ya rufta, toka ta kwararo ta cika ramin, sannan dutsen giranit ya kutso daga ƙasa ya kawo kuza da tutiyar da aka haƙa a Riruwai. Jerin ya faro ne daga Azbin, ya biyo ta Damagaram, yana ƙuruciya yayin da yake yin kudu, har ya tuƙe a Afu kimanin shekara miliyan 141 da suka wuce.

Mai ja zai iya cewa toka tana tafiya nesa, don haka babu mamaki ta Riruwai ta iso Sakkwato. Gaskiya ne iska kan kai siririyar toka dubban kilomita, kuma idan ta faɗa cikin teku takan rikiɗe ta zama yumɓun bentonait. Sai dai wannan toka ce da ta zubo daga sama a sanyaye, dabam take da wadda ta kwararo da zafinta ta manne. Lokaci ma bai yarda ba: an yi shekara miliyan sama da 70 da mutuwar wutar Afu kafin tekun da ya ajiye lakar Dange ya shigo. Idan an kawo tuddan aman wuta na Biyu da na filaton Jos, waɗanda suka fi ƙuruciya nesa ba kusa ba, amsar ita ce galibin abin da suka fitar baƙin dutsen basalt ne da ya tsaya kusa da bakinsu, ɗaruruwan kilomita gabas da Shagari.

Rarrabewar nan tana da tasiri kan inda za a zuba kuɗin bincike. Wanda ya ɗauki marmara a matsayin dutsen aman wuta zai nemi kuza, ko tokar da ake gauraya wa siminti, a wurin da babu su, alhali fosfet na taki da farin dutse da yumɓun Dange suna ƙarƙashin gonakin yankin. Gwajin da zai raba gardama kuwa ba shi da tsada: a yanko siririn ɓari daga tudu ɗaya a Bodinga da wani daga Riruwai, a ɗora su ƙarƙashin madubi ɗaya a sashen ilimin duwatsu na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.